Ɗaurin Ƙarshe a Cikin Kwat ɗin Mai Kemis

Goggo Mai Keke ta koma makaranta tana da shekara hamsin da takwas, kuma ba ta yi shawara da kowa ba. Wata Talata da yamma ta lulluɓe keken ɗinkinta, ta jefa tabarau a jaka, ta ce wa ƙanwarta, "Auta, riƙe shago, na tafi aji." Auta ta yi dariya har allurar da ke bakinta ta faɗi ƙasa, suka ɓata minti goma suna nema.

Rabon Goggo da aji tun tana shekara goma sha uku. A shekarar ne mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mata jaririya wata huɗu. Jaririyar ita ce Auta. Goggo ta ajiye littattafai ta ɗauki goyo, da goyon a bayanta ta koyi taka keke a wurin wata tsohuwar tela, har jaririyar ta zama ba ta barci sai da ƙarar keke. Da Auta ta girma sai aka ƙara keke na biyu a shagon. Shago ne ɗan ƙarami: kekuna biyu suna fuskantar juna, teburin yanka, dutsen guga, da igiya da aka ja daga taga zuwa ƙusa ana rataye kayan da aka gama. A bakin ƙofa kuwa akwai kujerar mijin Goggo, wanda kowa ke kira Direba, don bas ya ja shekara talatin kafin gwiwa ta sauke shi. Shi a nasa ganin, shi ke lura da shagon.

A ajin manya, Malama ta raba wa kowa littafi daga ɗakin karatu, ta ce a ƙarshen zango kowa zai miƙe ya ba da labarin nasa. Da ta zo kan Goggo sai ta miƙa mata wani mai kauri.

"Wannan naki ne, Goggo. Tela ce ta rubuta."

"Tela kamar ni?"

"Kamar ke. Bayahudiya ce. Tana ba da labarin yadda ta rayu a sansanin da aka tsare su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu."

Goggo ta san an yi yaƙin, amma ba ta san wannan ba. Malama ta yi wa ajin bayani: yadda aka riƙa kwashe Yahudawa gida-gida, ana cusa su a taragon dabbobi, ana kai su sansanoni don a kashe su ko a yi aiki da su har su mutu. Ta ce mutum wajen miliyan shida. Goggo ta ɗaga hannu ta ce a maimaita mata adadin. Aka maimaita. Ta rubuta shi a bayan hannunta da biro, yadda take rubuta awon mutane, ta koma gida ba ta wanke ba.

Matsalar farko ita ce littafin ba ya zama a buɗe. Ta jingina shi da kan keke, ya rufe kansa. Ta danne shi da almakashi, ya ture almakashin. Rana ta uku ta juya shi ta leƙa gadon bayansa, sai ta saki wata irin dariya.

"Auta, zo ki ga! Ashe ɗinki ne!"

Ɗinki ne kuwa. Takardun ɗauri-ɗauri suke, kowane ɗauri shafi goma sha shida, an haɗa su da farin zare. Kuma a wurin Goggo, duk abin da aka ɗinka ana iya farke shi a mayar. Ta ɗauko reza.

"Yaya, littafin hukuma ne fa."

"Ni da na farke rigar amarya ana jiranta a mota? Zan mayar musu da shi ya fi yadda ya zo. Dubi wannan ɗinki, kamar da ƙafa aka yi."

Ɗauri goma sha huɗu suka fito. Goggo ta jera su a aljihun teburin yanka, kullum ta ciro ɗaya ta maƙale a igiyar da ke gaban kekenta. Ƙafa na taka keke, ido na kan takarda, ƙamus na kan cinya. Karatun nata a hankali yake tafiya, shafi uku ko huɗu a yini, amma ba abin da ke wuce ta. Ta kafa doka guda: in ta gama ɗauri sai Auta ta karɓa, in Auta ta gama sai Direba. Ba wanda zai sha gabanta.

Cikin mako biyu shagon ya koma wani abu dabam. Mai littafin shekararta goma sha bakwai aka kama su, ita da iyayenta da ƙannenta. A bakin jirgin ƙasan da ya kai su sansani aka raba su, ta rage daga ita sai wata ƙanwarta 'yar shekara goma sha huɗu. Ta ce wa masu gadi su duka biyun sun iya ɗinki, alhali ƙanwar ko zare ba ta iya sa wa allura ba, aka tura su rumfar gyaran kaya. Duk lokacin da za a jera mutane a ware marasa ƙarfi, sai ta cusa tsumma a kafaɗun rigar yarinyar don a gan ta da ɗan jiki.

"Kafaɗa!" Goggo ta buga tebur. "Kun ji ko? Kafaɗa ce ke sa a ga mutum a tsaye. Wallahi matar nan ta san aikinta."

Direba shi jirgin ne ya tsaya masa a rai. Yana ɗauri biyu a baya, yana ta faɗa shi kaɗai a bakin ƙofa. "Kwana uku ba ruwa? A rufe? Ni ko awa biyu na yi ban tsaya ba, fasinja sai sun cinye ni." Sai ya cire hula ya mayar. Masu kawo ɗinki ma suka shiga ciki. Mace za ta zo karɓar siket, ta tsaya tambaya, "Yaya yarinyar nan, tana nan?" Goggo ta ce, "Tana nan, jiya ma an ba ta rabin burodi." Kamar 'yar maƙwabta ake magana.

Ranar Laraba, ana gobe za ta miƙe a gaban aji, Goggo ta kai ƙarshen ɗauri na goma sha uku. Yaƙi ya kusa ƙarewa. Masu gadi sun kora duk mai iya tafiya cikin ƙanƙara, ƙanwar kuwa zazzaɓi ya kwantar da ita a rumfar marasa lafiya. Mai littafin ta roƙa a bar ta da ita, aka doke ta aka jefa ta cikin layi. Shafin ya ƙare tana waiwayen ƙofar rumfar, a tsakiyar jimla.

Goggo ta ja aljihun tebur. Babu komai sai alli da tef.

"Ina na goma sha huɗu?"

Auta ta ci gaba da goge tebur.

"Na ce ina na ƙarshen? Yarinyar nan na kwance, ni ban san halin da take ciki ba!"

Aka hau bincike. Aka zazzage kwandon ƙyallaye, aka ɗaga kekuna, aka leƙa ƙarƙashin dutsen guga. Goggo ta tayar da Direba ta laluba kujerarsa, sannan ta laluba shi kansa.

"Ni da nake na goma sha ɗaya? Ki tambayi wadda ke goge teburi ɗaya sau uku."

Goggo ta juya. Auta, mace mai shekara arba'in da biyar da 'ya'ya huɗu, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da hannu a tukunya.

"Yaya, kada ki yi faɗa."

"Zan yi. Faɗi."

"Jiya ne na ɗauka. Na kasa haƙuri. So nake in leƙa in ga ko ta rayu, in ba ta rayu ba in san yadda zan shirya ki. Ina buɗewa sai ga ki kin shigo, sai na tura shi cikin kwat ɗin mai kemis, ta inda ba a rufe yadin ciki ba."

"Kin karanta?"

"Ko layi ɗaya."

Goggo ta dafe kai. Ita da hannunta ta rufe yadin cikin kwat ɗin jiya da yamma, ta bi shi da ɗinki biyu don mai kemis mutum ne mai jiki. Ta goge, ta rataye. Da safen nan ya zo ya karɓa yana ta yabon yadda ƙirjin ya tsaya.

"Ya tsaya mana," in ji Direba. "Shafi goma sha shida ne a ciki."

Goggo ce ta fara fashewa da dariya, irin wadda ba ta da daɗi ba ta kuma tsayawa. Ta suri reza, Auta ta suri allura da zare, Direba ya suri sandarsa, suka fita ko ƙofa ba su ja ba. Layi uku ne tsakaninsu da kemis. Goggo a gaba, tabarau na lilo a wuya, Auta na bin ta tana ba da haƙuri, Direba a baya yana ɗingishi yana ba su hannu kamar yana kan titi: "Ku bi dama! A hankali a kwana! Ke Auta, takalminki!" Mai wankin mota ya ɗaga kai ya tambaya ko gobara ce. Goggo ta ce masa, "Yarinya ce ba lafiya!" ta wuce.

A kemis suka tarar da matarsa. Ta ce ai ya tafi ɗaukar hoto, na bango yake so, wanda za a rataye a saman kantar kemis ɗin. Suka juya. Shagon mai hoto na hawa na biyu, Direba ya tsaya a ƙasan bene ya ce su je, shi zai tsare hanya kada ya gudu.

Mai kemis na zaune a kan doguwar kujera gaban farin labule, ya ɗaga haɓa, fitila biyu na haska shi. Mai hoto na cewa, "Ranka ya daɗe, daina motsi, wani abu na ƙara a jikinka." Sai ga mata biyu sun faɗo ciki suna haki, ɗaya da reza.

"Alhaji, kada ka tashi," in ji Goggo. "Ɗaga hannun hagu."

"Goggo, lafiya? Me na yi?"

"Ba ka yi komai ba. Ɗaga."

Ya ɗaga. Ta buɗe gaban kwat ɗin, ta shafa, takarda ta amsa. Reza ta bi ɗinkin nan biyu da ta yi alfahari da su jiya, ƙyat ƙyat ƙyat, mai kemis na kallon silin yana salati. Ta zura yatsu biyu ta zaro ɗaurin. Ya ɗan lanƙwashe, ya yi ɗumi, guga ta kwantar da shi sumul.

"Tun safe da wannan nake yawo?"

"Yi shiru, Alhaji, don Allah."

Ba ta nemi kujera ba. A ƙasa ta zauna, ƙarƙashin fitilar mai hoto, ta sa tabarau. Auta ta riƙe mata gefen takardar. Direba ya gaji da tsaron hanya ya hauro yana nishi. Goggo ta fara karantawa a fili, kalma-kalma, tana tsallake masu wuya, yau ba ruwanta da ƙamus. An 'yantar da mai littafin a wani ƙauye, nauyinta bai kai na yaro ba. Ta warke. Ta shiga bin ofisoshi da asibitoci tana duba jerin sunayen da ake mannawa a bango. Wata ɗaya, wata biyar, wata tara. Goggo na juya shafi tana cewa, "To, to, yi sauri mana, baiwar Allah." A shafi na goma sha ɗaya, a wani asibiti mai nisa, wata ma'aikaciya ta kai ta bakin wani gado kusa da taga.

Goggo ta tsaya. Ta sake bin layin da yatsa. Sannan ta yi wata ƙara da ta sa mai hoto ya kusa yar da kyamara.

"Tana nan! Auta, tana nan! Ta rame, gashinta bai fito ba, amma ga ta zaune tana shan shayi!"

Auta ta faɗa jikinta, suka kife tare a kan labulen, suna dariya suna kuka. Direba ya jefa hularsa sama ta maƙale a fanka. Mai kemis, da yadin ciki na reto har gwiwa, ya ce "Alhamdu lillahi" sau uku kafin ya tambaya, "Wai wace ce?"

Suka ba shi labari su uku a lokaci guda, kowa na katse kowa. Ya saurara, hannunsa na hagu har yanzu a sama don ba wanda ya ce ya sauke. Da suka gama sai ya ce, "To, uwar fa? Da sauran yaran?"

Goggo ta share ido ta koma kan takardar. Saura shafi biyar. Ta karanta huɗu a hankali, muryarta na raguwa. Shafin ƙarshe ba labari ba ne. Sunayen waɗanda ba su dawo ba ne, goma sha ɗaya, kowanne da shekarunsa a gefe: uwa, uba, kaka, ƙanne uku, sauran 'yan uwa. Ƙaramin cikinsu shekararsa huɗu.

Mai hoto ya kashe fitila ɗaya. Goggo ta ce ya mayar, ba ta gani sosai. Ta gyara zama ta fara kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya, da harshen da bai saba da su ba. In ta yi tuntuɓe a kan wani sai ta koma farkonsa, ta sake, har sai ya fita daidai gwargwadon iyawarta, sannan ta wuce na gaba.