Kaset Ɗin Mai Gogen Argungu

Akwai wani kaset da har in bar duniya ba zan manta da shi ba. Lokacin ina aiki a wani gidan rediyo a Birnin Kebbi, aka ɗora mini shirin tunawa da makaɗan da suka rasu.

A gidan akwai wani dattijo mai sharhin kiɗa, wanda in ya yabi makaɗi kasuwarsa ta buɗe, in ya kushe shi kuwa shi ke nan. Tun muna yara muke jin yana cewa wani mai goge na Argungu ba shi da natsuwa, hannunsa gaggawa, muryarsa kamar ta ɗan akuya. Na ɗauko kaset ɗaya tak da muke da shi na mutumin, na saurara, na ji haka ɗin ne. Duk da haka na tafi Argungu neman tarihinsa.

Na sami ɗiyarsa, wata dattijuwa, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Bayan gaisuwa na kunna mata. Ta kasa kunne, can ta ajiye faifan hannunta.

"Ɗana, wane na wanga?"

"Inna, ai mahaifinki ne."

"Waƙar tashi ta, amma wagga ba muryar Baba ba ta. Shi in ya yi magana cikin zaure, har ƙurya kana jin ta cikin ƙirjinka."

Ta ba ni labarin yadda aka riƙa janye masa gayyatar biki bayan kushen da dattijon nan ya yi masa a rediyo, har ya rataye gogen ya koma noman albasa a Augie. Ba ta zagi kowa ba. Roƙona kawai ta yi, in dai wannan za mu sa, gara mu bar shi ya kwanta.

Na dawo kaina a ɗaure. Injiniyanmu ya ce mai yiwuwa batirin rikodar ya yi sanyi ranar ɗauka, kaset ya riƙa juyawa a hankali, shi ya sa yanzu komai ke gudu murya ta sirance. Ya rage saurin. Sai ga murya mai kauri, goge na tafiya a hankali kamar kwalekwale a kogin Rima.

Na kira dattijon ya ji. Da ya gama saurara ya ce, "To wa ya gaya maka nan ne daidai? Kai ka rage har inda ya yi maka daɗi."

Gaskiyarsa ce kuwa. Na tambaye shi ko ya taɓa jin mutumin ido da ido. Ya ce bai taɓa ba, a kaset ɗin nan kawai ya san shi.

Na koma wa Inna da wanda aka rage wa saurin. Ta yi kuka, ta ce ya yi kusa, amma ba shi ba ne sosai. Haka na sa shi a shirin, na faɗa wa masu sauraro duk abin da ya faru. Wasu suka bugo suna yabo, wasu suka ce mun yi wa mamaci kwaskwarima.

Har yau ban san ko gwani ne ba. Abin da na koya dai, kafin in yanke hukunci a kan wanda ba ya nan balle ya kare kansa, sai na tambayi ta wace hanya muryarsa ta iso kunnena.