Malama Rifkatu da Haruffan Kasko

Kafin rana ta gama ɗagowa daga bayan fadama, Malama Rifkatu Habila ta riga ta share aji ɗaya, ta yayyafa ruwa, ta shimfiɗa tabarmi. Daga nan sai ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta bi gari lungu-lungu. Ba ta tsayawa a zaure kamar baƙuwa. Shiga take yi har tsakar gida, ta gaida matar gida, ta yi wa mai jego ya jiki, sannan ta ce, "To, ina mutuniyata?" Yarinyar da ta ɓuya a bayan rumbu, Malama ta san rumbun. Wanda ya ce ciki ke ciwo, ta taɓa goshinsa ta ce ciwon zai fi saurin warkewa a makaranta.

Shekara ashirin ke nan tana haka, tun shekarar samun 'yancin kai da aka turo ta ƙauyenmu, tafiyar hantsi guda daga Haɗejiya ta hanyar Miga. Ta zo ne tare da mijinta, marigayi Habila, mai ba da magani a disfansare. Ƙarshen wannan zangon za ta ajiye alli, saboda idanunta sun gaji.

A 'yan shekarun nan da kuɗin mai ya cika ƙasa, kullum rediyo na yabon waɗanda suka gina ajujuwa. Ban taɓa jin an ambaci waɗanda suka riƙe yara lokacin da babu ajin ba. To, ni Saude Garba, 'yar masunci, malamar makaranta da takardata a hannu, ni zan ambaci ɗaya. Ba jita-jita zan ba ku ba. Ina wurin.

Da Habila ya rasu, kowa ya ɗauka za ta tattara ta koma garinsu a Kudancin Zariya. Ta je, ta yi wata guda, ta dawo da akwatinta a ka. Wannan bai zama abin labari ba sai bayan shekara biyu, a 1968, lokacin ina aji ɗaya, ina da shekara bakwai.

A daminar shekarar kogi ya tumbatsa ya shigo gari. Ya ci katangar makaranta, ya tafi da alluna da littattafai, alli kuwa ya narke ya zama kunu a cikin kabad. Da ruwa ya janye, sai muka koma gindin tsamiya. Malama na rubutu a ƙasa da tsinke, awaki na bi ta kai. Yara suka fara zamewa, wasu korar tsuntsu a gonar shinkafa, wasu bin iyaye kamun kifi.

Ana cikin haka Malam Gwadabe, mai duba makarantu, ya zo daga Haɗejiya a kan kekensa. Ya ƙirga mu, ya girgiza kai. Ya ce zai dawo kafin hutun ƙarshen shekara. In ya samu 'yan aji ɗaya ba sa haɗa baƙi, ba sa lissafi har ashirin, zai rubuta a rufe makarantar a haɗe ta da ta tsallaken kogi. Ba mugunta ya yi ba, aikinsa ne. Amma kowa ya san abin da haka ke nufi. Maza za a iya ɗora su a kwalekwale kullum. Mu mata tara da ke ajin, babu uban da zai bar 'yarsa ta riƙa tsallake ruwa safe da yamma. Rufe makarantar nan, rufe karatunmu ne har abada.

A shekarar nan ƙaramar Sallah da Kirsimeti sun faɗo kusan mako guda. Wata Litinin, saura mako shida a yi hutu, Malama ta zo gindin tsamiya da ƙwarya a rufe da faifai. Ta buɗe. Kwaɓin alkama ne, irin alkamar da ake nomawa a fadamarmu da jigo, ta niƙa da hannunta a dutse, ta sa mazarƙwaila saboda sukari ya yi wuya a lokacin yaƙin basasa.

Ta ce, "Sallarku na zuwa, tawa ma na zuwa. Bana cincin ɗin biki mu za mu yi. Amma ba irin wanda ake yankawa da wuƙa ba."

Ta gutsiri kwaɓi, ta murza shi a tafin hannu ya zama kamar igiya, ta lanƙwasa, sai ga a. Ta murza wani, ta yi masa ciki da sanda, sai ga b. Kowa ta ba shi nasa gutsire. Da tsakar rana ta hura wuta a murhun duwatsu uku, ta ɗora kasko da man gyaɗa. Haruffan suka nutse, suka taso sun kumbura sun yi ja.

Doka ɗaya ta kafa: "Wanda ya karanta, shi zai ci."

Idan ta ɗaga harafi ka faɗi sunansa, naka ne. In ka kasa, ya koma faifai ka jira zagaye na gaba. Ragowar kwaɓin kuma ta yanka ƙanana na lissafi. Guda goma a gabanka, ci uku, saura nawa? Ba a taɓa koyon ɗebewa da daɗi irin haka ba. Rabawa kuwa ba ta buƙatar bulala, domin a ba yara huɗu cincin goma sha biyu, in wani ya yi kuskure ƙwara ɗaya, sauran ukun za su gyara masa nan take. Kafin mako ya zagayo, masu korar tsuntsu sun dawo, har da waɗanda ba a rubuta sunansu ba.

Sai magana ta tashi a gari.

Mu nan mun san rubutu abu ne mai shiga jiki. In yaro ba shi da lafiya ko ba ya riƙe karatu, malami zai yi masa rubutu a allo, a wanke ya sha. To, ga wata mata Kirista tana ba yara rubutun boko suna ci, har da sukari don ya wuce da sauƙi. Me take so ya shiga cikinsu? Mahaifina, Allah ya ja kwanansa, ya ba ni izini in faɗa, yana cikin waɗanda abin ya fi tsorata. Ya dawo daga ruwa ya ajiye gorarsa ta kamun kifi ya ce daga yau ba ni ba makaranta. Cikin kwana uku aji ya koma yara takwas, babu mace ko ɗaya.

Kwana uku ina leƙen tsamiyar ta ɓular zana ina kuka. Malama ba ta yi fushi ba, ba ta kai ƙara wurin dagaci ba. A rana ta huɗu ta shigo gidanmu da hantsi, ba ƙwarya a hannunta, ta durƙusa ta gaida kakata, Iya Hajo, wadda duk bikin da aka yi a garin ita ke yin alkaki da dubulan.

"Iya, taimako na zo nema. Ki kwaɓa da alkamarki, ki soya a kaskonki da manki. Ni ko taɓawa ba zan yi ba. Yara ne za su lanƙwasa."

Iya ta dube ta sama da ƙasa. "'Yar nan, an ce rubutu kike ba su."

"Rubutu ne, Iya. Amma ba ya aiki daga ciki. Sai ya bi ta ido."

"To ai wannan ragon rubutu ne," in ji Iya. Ta juya wajen mahaifina da ke ɗinkin komar kamun kifi a inuwa. "Kai Auta, da cin abu na mai da mutum abin, da tuni ka yi ƙaya ka koma ruwa, irin tarwaɗar da ka ci a duniya. Ɗauko mini buhun alkamar nan."

Washegari Iya ta zauna a gindin tsamiya ta miƙe ƙafa, ta yi bisimilla ta kwaɓa. Ta ɗanɗana na Malama da ya rage ta ce, "Wannan ai dutse ne, haƙoran yara kike so ki zubar? Ba a tsiyayar da mai haka." Malama ta yi dariya ta ce a koya mata. Mata suka taru suna kallo daga nesa, sannan suka matso. Da aka tsame kaskon farko, Malama ta ce da ni, "Saude, jera wa Iya sunanta." Na ɗauki guda huɗu na jera a faifai. Iya ta daɗe tana kallonsu.

"Wannan ni ce?"

"Ke ce, Iya."

"Ashe ba ni da yawa." Ta kai hannu, Malama ta ce, "Iya, akwai doka." Tsohuwar nan sai da ta faɗi haruffan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ina raɗa mata, kafin ta cinye sunanta tana ta mita. Da safe mu tara muka dawo cif.

Malama, ke ce aka zarga da abin da bai taɓa zuwa zuciyarki ba, a garin da kika binne mijinki, amma kika durƙusa maimakon ki ɗaga murya. Na girma na san irin zafin da durƙuson nan ya yi miki. Ni da nake da baki, ban san ko zan iya ba.

Da azumi ya kama, ta canja tsari ba tare da wani ya ce mata ba. Ko da yake mu ƙanana ba ma yi, ta hana tauna a gaban mutane. Da safe mu lanƙwasa, da la'asar Iya ta soya lokacin da kowane gida ke suyar ƙosai, mu karanta, mu ƙulle a ganye mu kai gida a sha ruwa da shi. Gidaje nawa aka buɗe baki da sunan mai gida, yarinya na nuna wa ubanta harafi da yatsa.

Malam Gwadabe ya dawo azumi na kwana ashirin. Ya jingine keke, ya ga faifai-faifai na haruffa, ya ɓata rai.

"Malama, makaranta na zo dubawa ko kasuwar mata?"

"Ranka ya daɗe, duba ka gani."

"Yaran da suka saba da karatun kasko, in an ba su na takarda fa?"

Ya sa aka kawar da faifan. Ya ciro allo da alli daga jakarsa, ya rubuta da hannunsa, ya duba ya zaɓi wadda ta fi kowa ƙanƙanta da rama, wato ni. Na miƙe. Haruffansa sirara ne, farare, ba su kumbura ba, amma na gane su kamar yadda ake gane ɗan gida ko ya rame. Na karanta: "Ruwa ya cika kogi." Ya goge ya sake wani. Na karanta. Ya bi mu ɗaya-ɗaya, yana sauya kalmomi don kada a ce hadda ce. Uku sun yi tuntuɓe, sauran suka wuce. Ya zo kan lissafi ya ce, "Sha biyar a ɗebe bakwai." Wata yarinya ta rufe ido, bakinta na motsi kamar tana tauna, ta ce, "Takwas." Malam Gwadabe ya kasa riƙe dariya.

Ya rufe littafinsa ya ce, "Makaranta tana nan. Alluna za su zo bayan Sallah."

Iya Hajo ta rangaɗa guɗa da azumi a bakinta. Muka jera masa sunansa, harafi bakwai, muka ƙulle a ganye ya kai gida. Ranar Sallah kwanuka suka yi ta shiga ɗakin Malama har ta rasa wurin ajiyewa, kifin da ya fi girma daga gidanmu ya fito. Bayan kwana uku, ranar tata Sallar, ita ta aiko da cincin gida-gida, babu wanda ya mayar.

Daga cikin mu tara, uku malamai ne yau, ɗaya ungozoma a asibiti, sauran kuma babu mai kai wasiƙarta a karanta mata. Masu cewa 'yar masunci iyakarta bandar kifi, ga ni nan, ni zan karɓi aji ɗaya daga hannunta, mata talatin da biyu a ciki. Kowace shekara kuma, in biki ya gabato, kasko na hawa wuta.

Ga 'yan'uwana sababbin malamai da ke zaune suna jiran a aiko da kayan aiki daga Kano: ku leƙa madafin garin da aka tura ku, ku gaida tsofaffinsa. Abin koyarwa na nan kusa da ku.

Jiya na kai mata faifai a rufe, da haruffan cincin a jere a kai. Ba ta ganin allo yanzu sai dishi-dishi, don haka na kama hannunta na ɗora a kai. Na ce, "Malama, akwai doka."

Ta bi su da yatsa a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har shida. Ta haɗa su. Sannan ta karanta, "Na gode." Ta ɗaga na uku ta jujjuya shi. "Amma Saude, wutsiyar wannan ta yi gajarta. Gobe ki sake."

Zan sake, Malama. Uwar aji ɗaya, mai kaskon haruffa, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi. Kin karanta, ci abinki.