Madubai Biyu na Malama Harira

Kullum da safe Malama Harira takan hau Keke Napep daga Kurmin Mashi, da madubai biyu a jakarta. Da su take buɗe darasi. Takan jingina su kusurwa guda, ta ajiye cokali a tsakani, ta ce wa ɗalibai su duba: hoton da ya bi ta madubi biyu juyawa yake yi. Daga nan take shiga aljabarar Clifford, lissafin da ke koya wa kwamfuta juya abu ba tare da ya karkace ba.

Fannin ba shi da farin jini. Shekara da shekaru ɗalibanta ba su cika benci biyu ba. Da ritayarta ta matso, kwamitin sashen lissafi da take koyarwa a ciki ya yanke shawarar rufe kwas ɗin. Shugabansa, Dakta Sabo, ya ce lissafi ne mai kyau, amma bai san wanda ya taɓa amfana da shi ba.

Ba ta yi musu ba. Ta kira ɗalibarta Ilham, suka kafa faifan sola biyu a saman bene, kowanne da injin da ke juya shi ya bi rana. Ɗaya na aiki da manhajar da aka saba, ɗaya da wadda suka rubuta da aljabarar Clifford. Kwamfuta takan yi ɗan kuskure a kowane juyi, kuskuren kuma taruwa yake yi. Tasu manhajar tana gyara kanta.

Damina guda ba wanda ya taɓa su. Da kaka kwamitin ya hau bene. Faifan farko ya bar rana yana kallon tashar motar Kawo. Na biyu na fuskantar rana sak.

Dakta Sabo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Hajiya, wancan mota yake nema ne?"

"Katsina za shi," in ji ta. "Kwas ɗina fa?"

"Yana nan."

Malama, ke ce kika tsaya wa fannin da ba mai tafa masa, ba ki roƙi kowa ba, kika bar aiki ya yi magana. Mu ɗalibanki mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a hutun. Duk malamin da ajinsa ya yi ƙanƙanta har yana tunanin sakin fanninsa, ya je ya leƙa saman benen nan.

Madubai biyun yanzu suna jakar Ilham, wadda ta gaji kwas ɗin. Bana sai da aka aro benci daga ajin maƙwabta.