Takarar Mahaifin Abokina

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur na san shi. Sashenmu ɗaya a karatun digiri na uku, teburinsa na kallon nawa. Ɗan Kambodiya ne, ƙabilar Khmer, siriri, marar yawan magana. Bayan azahar mukan sauka wajen mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, da ke kusa da tashar jirgin Wangsa Maju mu ci abinci.

A nan ya ba ni labarin mahaifinsa. Tsohon malamin firamare ne, ya tsaya takarar kansila a ƙauyensu, a wata ƙaramar jam'iyyar adawa. Ofishin jam'iyyar ma a ƙarƙashin gidansu na katako yake, inda mahaifiyarsa ke shanya kifi. Na yi dariya na ce irin waɗannan jam'iyyun muna da su a gida, ko matar ɗan takarar ba ta zaɓensa.

Bai yi dariya ba. Abang yake kirana, wato yaya a yaren Malay. Ya ce, "Abang, kowa ya san zai faɗi, shi ma ya sani. Abin da zai biyo baya ne ke damuna."

Da zaɓe ya matso sai abubuwa suka fara faruwa. Aka tumɓuke allon jam'iyyar daga ƙofar gida. Aka kira ƙanwar abokina, wadda ke aikin jinya, aka ce ta ja wa tsohon kunne. Shi kansa abokin nawa gwamnati ce ke ɗauke da karatunsa, kamar ni.

Wata rana ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon tsohon ne, sanye da farar riga, yana magana a natse kan gonakin da aka karɓe wa mutanen ƙauyen. Ɗan ya rubuta fassarar Turanci a ƙasa.

Ya ce, "Ana sa ido a kan shafina. Kai ba wanda ya san ka. Ka ɗora a naka, sai wasu su ɗauka daga can. Boleh? Zai yiwu?"

Na ce zan duba. Kwana uku ina dubawa. Bizata ta kusa ƙarewa, matata na da ciki, kuma tun zuwanmu aka gargaɗe mu kada ɗalibi ya tsoma baki a siyasa. Ban san ko wani abu zai same ni ba, wataƙila ba komai. A rana ta huɗu na ce masa ba zan iya ba.

"Na gane," ya ce, ya mayar da wayar aljihu. Ya ci gaba da gaishe ni kullum, abin da ya fi damuna ke nan.

Tsohon ya faɗi zaɓe. Ba a daɗe ba shugabannin jam'iyyar suka koma ɓangaren masu mulki. Bayan haka aka ɗauki tsohon a wani bidiyon, yana karanta takardar neman afuwa, wasu mutane na tsaye a bayansa. Abokina bai nuna mini ba. Wata 'yar ƙasarsu da ke sashenmu ce ta nuna mini, ta ce a wurinsu haka ake yi idan mutum na son 'ya'yansa su zauna lafiya.

Na sami abokina a ɗakin karatu, na zauna kusa da shi. Ya ce ba a kori ƙanwarsa daga aiki ba, amma tsohon ya daina fita kasuwa.

Ya riga ni kammalawa, ya koma gida yana koyarwa. Mukan gaisa ta waya jefi-jefi. In na tambayi jikin baba, sai ya ce da sauƙi, ya tambaye ni yara.