Garau-garaun Baba na Sheme

Jiya ƙamshin kwakwa ya buge ni a kasuwar Ƙanƙara, sai Baba, wan mahaifina, ya faɗo mini a rai. Ya daɗe yana aikin kuku a jirgin ruwa. Da ya dawo Sheme, ya sayar da shanun nomansa ya buɗe gidan abinci, wai na Afirka da Jamaika. Kowa ya ce ya zautu.

Ranar farko wani direba ya ɗanɗana shinkafa da wake da ruwan kwakwa, ya ce, "Baba, wanga ai garau-garau ne!"

Baba ya gyara hula. "Shi ne, amma wanga ya ga duniya."

Direban ya suɗe kwano, washegari ya kwaso 'yan tasha.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa.