Rabin Leɓen Kaka

Kakata Shuwa ce, leɓenta na ƙasa baƙi ƙirin. Tana budurwa aka sassoke shi da ƙaya aka cusa baƙin tukunya, kuma a cewarta ko uffan ba ta ce ba. Da leɓen nan ta ishe mu a gidanmu na unguwar Bulumkutu. Wai mu 'yan yanzu ko sauro ya cije mu sai an tsayar da keke napep.

Gorin yana ci mini rai. Ina karatun adabi a jami'a, amma burina tsohuwar nan ta sa ni a sahun mata ko sau ɗaya.

Sai na karanta wani labari da wata 'yar tsibirin Samowa ta rubuta. A can mace kan kwanta a tabarma a tsaga mata zane daga gwiwa har cinya, dangi na kewaye suna waƙa, wadda ta gudu ba a gama ba kuwa ta jawo wa gidansu abin kunya. Na kwashe duka na faɗa wa Kaka, na ce ta zuba ido.

Tsaga kam ba da ni ba. Ana jibi bikin yayata na ja mai lalle ɗaki, na ce ta zana mini irin na Samowa da baƙin lalle. Ta tambaye ni wa zai ga cinya a wurin biki, na ce ta yi abin da ya kawo ta. Na tara ƙannena su yi waƙa. Ba su san ta Samowa ba, suka kama ta tallar sabulu.

An gama ƙafa ɗaya aka ɗauke wuta. Gumi ya kwashe zanen, ƙaiƙayi ya taso kamar an barbaɗa mini barkono. Na daure, na ƙara daurewa, sannan na zura banɗaki da gudu. Na fito ƙafa ɗaya fes, ɗaya kamar gindin tukunya, na tarar da Kaka a bakin ƙofa.

"Wushe, sannu da ƙoƙari, mutuniyar Samowa," in ji ta.

Kunya ta sa na fashe da kuka. Ta ja ni ɗakinta ta rufe, ta jiƙa bakin lafayarta da yawu, ta goge leɓenta. Gefen hagu ya fito jajir.

"Rabi aka yi, na ciji matar da ke yi mini na gudu. Sauran kwalli ne. Kakanki har ya rasu bai sani ba."

Ta miƙo mini kwallin, ta turo baki.

"Gyara mini kafin baƙi su shigo."