Tantin Reino a Falalen Dutse

Reino Kallio maƙwabcina ne a garin Atikokan. Shingen katako ne kawai tsakaninmu, shi ma rabinsa ya kwanta. Ni ban yi nisa a boko ba, injin tsaga katako ya ɗauke ni tun gemu bai fito ba, amma wajen tsokana Reino zai ba ku labarina. Tsohon direban babbar mota ne, bakinsa kullum a ɗinke, sai in ka taɓo zancen kwalekwale.

Kowace shekara, da ƙanƙara ta narke a tafkuna, shi da matarsa Hilkka sai su ɗaure kwalekwale a kan mota su ɓace. Inda ruwa ya ƙare ya kifa shi a kafaɗa, ita ta goya jaka, su ratsa daji zuwa tafki na gaba. Akwai wani tsibiri da suke sauka. Da sun isa sai ya tafi kamun kifi, ya dawo ya tarar da tanti a tsaye, kofi a wuta.

Hunturun bara Hilkka ta rasu. Ba a jima ba 'yarsa Darlene ta zo daga birnin Thunder Bay, ina jin su ta taga.

"Baba, ka tattara ka dawo wurina. Na gyara maka ɗaki."

"Ina da ɗaki."

"Kana da ɗaki, ba ka da kafaɗa. Ko riga da ƙyar kake sawa."

Suka tsaya a kan cewa in ya je tsibirin nan shi kaɗai ya dawo da ƙafarsa, za ta ƙyale shi a gidansa. In ya kasa, a sa gidan a kasuwa.

Tsohon tantinsu na mutum biyu ne, mai ƙarafa, ko a kan siminti ka ajiye shi zai tsaya. Amma ba zai iya haɗa shi da kwalekwale a kafaɗar nan tasa ba. Sai ya shiga neman na mutum ɗaya, marar nauyi. Duk wanda aka kawo masa sai ya ɗora a sikelin da Hilkka ke auna fulawa.

"Tsoho, burodi za ka gasa da shi?" na ce.

"Koma gidanka, Gord."

Na farko ya ce ƙarafansa sun yi nauyi. Na biyu ya shiga ya kwanta, ƙafafunsa suka leƙo waje. Na ce masa wannan ai likkafani ne mai zif, ya jefe ni da takalmi. Daga ƙarshe ya samu wanda ba shi da ƙarfe ko ɗaya: filafilin tuƙa kwalekwale ake tokara masa, a ja igiyoyi a ɗaure a turaku. In an naɗe shi bai fi kwalbar madara ba. Ya yi ta kafa shi a ciyawar bayan gida, turakun suna nutsewa kamar a man shanu. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin jana'iza.

Ya tafi da sassafe. Na ce ya gaida min sauro, ya ce su ma sun gaji da surutuna.

Masu tsaron daji ne suka dawo da shi, a naɗe cikin bargo, ƙirjinsa na ƙara kamar tsohon famfo. Na je asibiti na same shi.

"Ango, ina ka baro amaryar taka, sabon tantin?"

Bai yi dariya ba. Ya ce ya kai tsibirin, kwalekwale da jaka duk shi ya ɗauka, kafaɗar ba ta ba shi kunya ba. Amma tsibirin falalen dutse ne daga baki zuwa baki, babu inda turke zai shiga. Ya nemi manyan duwatsu ya ɗaure igiyoyin, hannunsa ya kasa ɗaga su. Ƙananan kuwa iska ta yi ta jan su. Hadari ya sauko, tantin ya kwanta a kansa, ya jiƙe har ƙashi. Da gari ya waye ko tuƙi ya kasa.

"Kai da ka tsufa kana kwana a wurin, ba ka san dutse ba ne?"

"Na san dutse ne. Ban taɓa kafa tanti a kai ba. Hilkka ke yi." Ya juya fuska bango. "Ni a zatona ni nake kai ta daji."



Darlene ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba, kuma da ta faɗa da ya fi sauƙi. Kafin ganye ya zube an kafa allon sayarwa a ƙofar gidan. Yanzu yana hawa na shida na wani bene a Thunder Bay, tagarsa na kallon wurin ajiye motoci. Nakan kira shi in ce tsoho, ka mutu ne? Da can sai ya zage ni tas. Yanzu sai ya ce, "Tukuna," shi ke nan, sai ni in ajiye wayar.